MUHAMMADU AL-KATSINAWI: MALAMIN KATSINA DA YA KOYAR DA LISSAFI A ALƘAHIRA

Daga Wakilinmu

A cikin shekarar 1154 ta Hijira, watau 1741 ta Miladiyya, Allah ya yi wa wani malami baƙo rasuwa a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, a gidan wani shaihi mai suna Hasan al-Jabarti. Mai gidan ne ya binne shi a maƙabartar da ake kira Bustanul Mujawirina, inda akan kai malamai da almajiran Azhar, sa'an nan ya gina alama a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunan mamacin da shekarar da ya rasu. Kafin baƙon ya cika, sai da ya naɗa mai masaukinsa wasiyyi a kan abin da ya bari, musamman littattafansa. Wannan baƙo kuwa shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, watau Bafillace mutumin Katsina.

Shi Hasan al-Jabarti ba ƙaramin mutum ba ne a Masar ta wancan zamani. Malamin fiƙihu ne na mazhabar Hanafiyya, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin ilmin taurari da ƙera kayan auna lokaci. Amma duk da haka sai da ya durƙusa gaban wannan Bakatsine ya ɗauki karatu. Ɗansa Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon da fiye da shekara 10, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma a cikin littafinsa mai suna Aja'ibul Asar ya keɓe wa malamin mahaifinsa wuri, ya kawo sunayen malamansa da na littattafansa. Mafi yawan abin da muka sani game da rayuwar Shehu Muhammadu daga can ya fito. Abin da ɗan kunya a ce sai mun je Masar kafin mu ji labarin ɗan gida, amma haka abin yake.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Shehu Muhammadu a ƙasar Katsina a cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 17. Cikin laƙabobin da al-Jabarti ya jera masa akwai al-Danrankawi, wanda ke danganta shi da Ɗan Ranko, wani gari a kudancin ƙasar Katsina wajen Malumfashi, da ya taɓa yin suna wajen malamai da fataken goro masu bin hanyar Gwanja. Ya tashi a lokacin da Katsina ke kan ganiyarta. Ayarin Azbinawa da na Larabawan Gadamas na sauka a birnin, kuma ba haja kaɗai suke kawowa ba, har da takarda da littattafai. Shehu Maghili ya riga ya ratsa ta birnin tun ƙarshen ƙarni na 15. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, sun riga sun kafa zaurukan karatu waɗanda almajirai ke yi wa tattaki daga nesa. Saboda haka yaron da ya buɗe ido a wannan ƙasa yana son ilmi bai rasa inda zai nufa ba.

Malamai huɗu aka ambata a cikin waɗanda suka koyar da shi: Shehu Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, mutumin ƙasar Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da kuma Shehu Muhammadu Fodi. A hannun Fodi ne idonsa ya fara buɗewa. Shekara 4 ya yi yana biye da shi, a gida da kuma a kan hanya, yana karatun nahawu da sarfu da littattafan adabi. An ce ya haddace Muƙama har ya zamana in aka faɗi kalma guda daga cikinta, nan take zai kawo wadda ta gabace ta ba tare da ya yi inda-inda ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da Muƙama a hannu ya san wannan ba wasan yara ba ne, gama littafi ne da aka cika da kalmomi masu wuyar gaske. Da farko malamin nasa yakan kira shi mai Muƙama, daga baya da ya ga yadda ya ƙware a nahawu sai ya sake masa suna, ya riƙa kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Larabci na Basra.

Amma wanda ya ɗora shi a kan hanyar da ta kai shi ga shahara shi ne Shehu Muhammadu Bindu. A wurinsa ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, ya karanta littattafan tauhidi na Sanusi, ya saurari Buhari, ya kuma ɗauki babban rabo daga Muhtasar na Halilu. Bayan waɗannan sai ya koya masa hisabi, da ilmin sanin lokuta bisa tafarkin malaman Magrib, da ilmin haruffa, da kuma ilmin da Larabawa ke kira aufaƙ, wanda mu a nan muka fi sani da hatimi. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan jeri. Dukan wannan karatu a ƙasashenmu aka yi shi, kafin Shehu Muhammadu ya taka ƙasar Larabawa.

Da ya nemi izinin malaminsa na tafiya aikin Hajji, sai ya kama hanyar gabas. Tafiyar Hajji a wancan zamani ba ta kwana bakwai ba ce. Mutum yakan yi shekaru yana yada zango, yana karatu ko yana karantarwa, har ya isa. Ya ratsa masarautu da dama, ya sadu da sarakunansu da malamansu, a wani zangon ma ya zauna wata 5 wurin wani malami yana ƙarin sani a kan ilmin asirai da bugun ƙasa. Ya rubuta labarin wannan tafiya tasa a wani littafi na musamman. Ya yi aikin Hajji a shekarar 1142 ta Hijira, watau 1730, sa'an nan ya zauna a Makka na wani lokaci.

A Makka da farko ɓoye saninsa na asirai ya yi, domin ya ga irin kallon da ake yi wa masu wannan ilmi da kuma irin damun da jama'a ke yi musu. Sai da wani abokinsa ya matsa masa lamba kafin ya yarda ya ɗauki alƙalami. A nan ya fara rubuta babban littafinsa, Durrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi na Fahruddin al-Razi. Bai gama shi ba sai a Alƙahira, cikin shekarar 1146 ta Hijira. A birnin ya fara zama ne a unguwar Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar, daga baya ya koma gidan al-Jabarti. Yana da littafi a kan nahawu mai suna Bulugul Arab, da waƙe a kan manɗiƙi mai suna Manhul Ƙuddus wanda shi da kansa ya yi wa sharhi. Amma littafin da ya sa masana lissafi na duniya ke ambaton sunansa shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala a shekarar 1145 ta Hijira, tsakanin 1732 da 1733.

MENE NE HATIMI?

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma, ya ɗan ratse zuwa ƙauyuka irin su Tamawa, ba zai rasa ganin abin da ake gani a ko'ina cikin ƙasar Hausa ba: malami a zaure da allo, wani lokaci an zana wa allon gidaje tara, kowane gida da harafi ko lamba a ciki. Yawancinmu mun ɗauki wannan zane a kan sha'anin rubutun sha da laya ne kawai. Kaɗan ne ke tsayawa su haɗa lambobin su ga abin da ke ciki. Ga mafi shahararsu:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Haɗa kowane layi a kwance, 15 za ka samu. Haɗa a tsaye, 15 ne. Bi daga kusurwa zuwa kusurwa, har wa yau 15 ne. An yi amfani da lambobi daga 1 zuwa 9, ba a maimaita ko ɗaya ba, ba a kuma tsallake ko ɗaya ba. Wannan daidaituwa ita ce ma'anar kalmar wafaƙi. Mutanen Sin sun san wannan mai gida tara tun zamani mai nisa, malaman Bagadaza da na Basra kuma sun yi rubutu a kan manya-manyansa tun ƙarni na 10, sa'an nan littafin Shamsul Ma'arifi da ake dangantawa ga al-Buni ya yaɗa shi a duniyar Musulmi a matsayin asiri. Don haka ba Shehu Muhammadu ne ya ƙago hatimi ba, kuma masu faɗar haka don son yabonsa ba su yi masa adalci ba. Abin da ya yi shi ne ya tattara hanyoyin gina shi, ya tsara su, ya bayyana su dalla-dalla yadda almajiri zai iya bi ya gina mai gida 25 ko 49 ko fiye ba tare da lalube ba.

A nan ne maganar rabe-raben lambobi ta shigo, domin ba a fara gina hatimi sai an tambayi irin lambar da ke gefensa. Rabo na farko kowa ya san shi, ko daga sallar Shafa'i da Wutiri, ko daga wasan yara na cika ko mara: lamba ko dai ta rabu biyu daidai, ita ce cika, ko kuwa ta bar saura ɗaya, ita ce mara. Malaman hisabi ba su tsaya nan ba, sai da suka sake kasa cika kashi uku. Akwai wadda za a yi ta rabawa biyu har a kai ga 1, kamar 8 da 16. Akwai wadda da an raba ta sau ɗaya sai a faɗa kan mara, kamar 6 da 10 da 14. Akwai kuma ta tsakiya, wadda takan rabu sau biyu ko fiye kafin ta tsaya kan mara, kamar 12 da 20. Ga mai gina hatimi kowane iri da tasa dabara. Mai gefe mara shi ya fi sauƙi, mai gefen da 4 ke rabawa yana biye, amma mai gefe 6 ko 10 shi ne ya daɗe yana ba malamai ciwon kai. Mai gefe 2 kuwa ba ya ginuwa sam.

Sashen littafin Bahja da masana suka fi nazari shi ne na hatimi mai gefe mara. Ga ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da malaman Larabci suka sani, don mai karatu ya ɗanɗana irin aikin. Zana gidaje 25, biyar a tsaye biyar a kwance. Sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan ka riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa gida ɗaya dama, kana sa 2, 3, 4, 5. In ka fita ta ƙasa sai ka ɓullo ta sama, in ka fita ta dama sai ka ɓullo ta hagu, kamar dai an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Duk sa'ad da ka cika biyar, sai ka sauka gida biyu ƙasa sak, ka ci gaba. Ga abin da zai fito:

11 24 7 20 3
4 12 25 8 16
17 5 13 21 9
10 18 1 14 22
23 6 19 2 15

Ko ta ina ka haɗa, 65 ne. Ba sai an gina ba ma kafin a san jimlar. Gefe sau gefe, a ƙara 1, a raba biyu, wannan ita ce lambar da za ta zauna a tsakiya; ita kuma sau gefe, ita ce jimlar kowane layi. A mai gefe 5, tsakiya 13 ce jimla 65. A mai gefe 7, tsakiya 25 ce jimla 175. Gwada wannan hanya a mai gefe 4 ka gani: da farko ba shi da gidan tsakiya, sa'an nan tsallen nan na gida biyu zai maido ka kan layin da ka riga ka cika tun aiki bai yi nisa ba. A lamba mara ne kaɗai tsallen bibbiyu ke zaga dukan layuka kafin ya komo inda ya faro. Watau bambancin cika da mara ba suna ne kawai ba, shi ne ke yanke hukuncin ko dabarar za ta ci ko ba za ta ci ba.

Wannan wasa da lambobi ya ɗauki hankalin mutane a wurare da dama a wannan zamanin. Ma'aikatan gwamnati za su so su ji cewa Benjamin Franklin, wanda ya zama akawun wata majalisar dokoki a Amurka cikin 1736, da zana irin waɗannan gidaje yake kashe lokaci in mahawara ta yi tsawo. Yawan hatimi mai gefe 4 da za a iya ginawa 880 ne, an buga wannan tun 1693 a Faransa. Na mai gefe 5 kuwa sai a 1973 aka ƙidaya su da kwamfuta, aka samu 275,305,224.

LAMBA MAI FAƊUWA DA KURMAR LAMBA

Dukan aikin hatimi a kan lambobi sahihai yake, watau na ƙidaya waɗanda ba su da gutsure. Amma hisabin da malamai irin su Shehu Muhammadu ke karantawa ya wuce nan, domin babu mai raba gado da lambobi sahihai kaɗai. Rabon da shari'a ta yanka rabi ne, da rubu'i, da sumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi. In mamaci ya bar mata da uwa da 'ya'ya, matar na da sumuni, uwar na da sudusi, sai alƙali ya nemi lambar da 8 da 6 duka ke rabawa, ya samu 24, ya ba matar kashi 3, uwar kashi 4. Wannan shi ne lissafin gutsure, kuma kowane muhutin kotu yana yin sa.

Akwai wani abin lura a cikin harshenmu. Muna da rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushiri. Daga nan sai kalmomi suka ƙare. Ba mu da kalma guda ta kashi ɗaya cikin 11, sai dai mu yi zagaye mu faɗe shi da jimla. Haka abin yake a Larabcin da muka aro su, shi ya sa malaman hisabi suka kira guda taran nan munɗaƙ, watau abin da baki ke iya furtawa, irin su ɗaya cikin 11 ko ɗaya cikin 13 kuwa suka kira su asammu, watau kurma. Sa'an nan suka yi amfani da waɗannan kalmomi biyu a wani wuri da ya fi wannan zurfi, wajen tushen lamba. Tushen 9 shi ne 3, domin 3 sau 3 tara ne. Wannan mai faɗuwa ne. To, mene ne tushen 2, ko na 10? Akwai shi, ana iya zana tsawonsa a ƙasa, amma babu wata lamba sahihiya ko gutsure da za ta faɗe shi daidai. Shi ne kurma na gaskiya, ka yi ta kira ba ya amsawa. Da Turawa suka juya littattafan Larabci zuwa Latin a ƙarni na 12, sai suka fassara kalmar yadda take, suka ce surdus, ma'anarta kurma, kuma daga nan ne aka samo sunan da ɗaliban sakandare ke cin karo da shi a jarrabawar lissafi.

Abin sha'awa, wannan kurmar lamba tana kwance a cikin hatimin kansa. Jimlar lambobin da ke kan layin kusurwa zuwa kusurwa daidai take da ta gefe, amma tsawon layin da tsawon gefen ba su da ma'auni guda da zai auna su duka biyu ba saura. Magini ya san in ɗaki ƙafa 10 ne kowane gefe, igiyar da aka ja daga kusurwa zuwa kusurwa ƙafa 14 ce da 'yan kai. Waɗannan 'yan kai ɗin ne ba su da iyaka. Hujjar kuwa, wadda Girkawa suka sani tun kafin zamanin Aristotle, da cika da mara aka gina ta. A ƙaddara cewa akwai wani ɗan ma'auni da ya auna igiyar da gefen duka, kowanne ya ba da lamba sahihiya, an kuma rage lambobin biyu har ba sauran abin da ke raba su tare. Ke nan ba za su zama cika dukansu ba. An sani cewa igiya sau igiya daidai take da ninki biyu na gefe sau gefe. Ninki biyu na kowace lamba cika ne, saboda haka igiya sau igiya cika ce. Mara sau mara kuwa ba ya ba da cika, don haka ita kanta igiyar cika ce, gefen kuma tilas ya zama mara. Amma cika in ta ninka kanta, 4 na raba abin da ya fito, rabinsa ke nan cika ne, rabin nan kuwa shi ne gefe sau gefe. Ashe gefen ma cika ne. Ga shi an ce mara ne. Lamba ɗaya ba ta zama cika kuma mara, saboda haka wancan ma'auni da aka ƙaddara babu shi.

Girkawa da suka gano haka sai suka ƙi kiran irin wannan tsawo lamba. A Masar ɗin nan da Shehu Muhammadu ya ƙare rayuwarsa ne wani malami mai suna Abu Kamil, wajen shekara 800 kafin zuwansa, ya riƙa haɗa kurame yana ɗebewa yana ninkawa kamar sauran lambobi, har yana karɓarsu a matsayin amsar tambaya.

Tsarin da ake koya wa ɗalibai yau a kan wannan harsashi yake. Ana farawa da lambobin ƙidaya. In aka ƙara musu sifiri da waɗanda ke ƙasa da sifiri, irin na mai bashi, an sami sahihai duka. In aka ƙara gutsattsari, watau duk abin da za a rubuta da sahihiya bisa sahihiya muddin ta ƙasan ba sifiri ba ce, an sami masu faɗuwa. A wannan tsari ɗaya cikin 11 ya bar sahun kurame ya koma cikin masu faɗuwa, tun da ga shi an rubuta shi da lambobi biyu. Masu faɗuwa da kurame in an gama su, su ne lambobin haƙiƙa, waɗanda suka cika layin awo ba rata. Alamar gane su a rubuce mai sauƙi ce. Rubu'in Naira kwabo 25 ne cif. Sulusin Naira kwabo 33.333 ne, ukun ba ta ƙarewa amma maimaita kanta take yi. Duka biyu masu faɗuwa ne. Tushen 2 kuwa 1.41421 ne da ci gaba, ba ya ƙarewa, ba ya kuma komawa kan wani tsari da yake maimaitawa. Haka ma lambar da ke tsakanin kewayen bakin rijiya da faɗinsa. Kashi 22 bisa 7 da ake ba yara a makaranta kusa ne kawai, ba ita ba ce. Jamshid al-Kashi na Samarƙand, wanda bai kamata a rikita sunansa da na al-Kashinawi ba, ya fitar da ita har gida 16 a 1424, amma sai a shekarun 1760 wani masani mai suna Lambert ya kawo hujjar cewa kurma ce. Cikakken bayanin abin da ake nufi da lambar haƙiƙa kuwa sai a 1872 Dedekind na Jamus ya kawo shi.

TSAKANIN LISSAFI DA ASIRI

Ba daidai ba ne a ɓoye cewa Shehu Muhammadu bai ɗauki hatimi a matsayin lissafi zalla ba. Ya yi imani cewa haruffa da lambobi suna da asirai, ya kuma gargaɗi almajirai su riƙe abin a ɓoye, kada su watsa shi ga kowa, kamar yadda ya hore su da naci da barin saurin fid da rai. A wurinsa kowane harafi lamba ne, bisa lissafin abajada na mutanen Magrib, inda shinun ke tsaya wa 1000, ƙaf 100, nun 50, dal 4. Haɗa waɗannan huɗu ka sami 1154, shekarar da ya rasu. Da wannan hanya ce mawaƙanmu na ajami ke sa ramzi a ƙarshen waƙa don nuna shekarar da aka yi ta. Malamai da yawa, tun daga Ibn Haldun har zuwa shugabannin jihadin ƙarni na 19, sun yi suka mai zafi a kan duba da bugun ƙasa da abin da ya yi kama da su, kuma wannan ya sa wasu ke ɗari-ɗari da sunan marubucin Durrul Manzum. A ganin wannan marubuci, batun asiri na malaman addini ne su yanke. Amma cewa layukan nan biyar kowanne 65 yake bayarwa, wannan ba ya bukatar imanin kowa, alƙalami da takarda sun isa. Ɗalibin lissafi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, yana da haƙƙin ya ji wannan suna a aji kamar yadda yake jin na Girkawa.

Shekara 11 ne tsakanin Hajjinsa da rasuwarsa, kuma bai sake komowa gida ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a cikin Infaƙul Maisur cikin jerin malaman ƙasar nan. An buga Durrul Manzum a Alƙahira cikin 1961. A 1962 Turawa biyu, Bivar da Hiskett, suka sa shi cikin nazarin da suka yi na rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya kafin jihadi. A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya buga nazari a Ibadan a kan yadda Shehu Muhammadu ya bayyana lissafin ramzi. Sa'an nan a 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo hanyoyinsa na gina hatimi a cikin littafinta a kan lissafin mutanen Afirka, daga nan ne sunansa ya shiga makarantun Turai da Amurka. Kofen Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu da aka yi wannan aiki da shi yana ajiye a ɗakin karatu na Makarantar Nazarin Ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar London.

Allah ya ji ƙan Shehu Muhammadu al-Katsinawi.